Rumbun Tsimin Baba Ya Shiga Waya

Roni, Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanena Mu'azzam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarka Zulaikha, da fatan takardar nan za ta riske ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali a can Istanbul. Allah ya tsare ka a ƙasar mutane, ya sa albarka a abin da kake nema, ya dawo mana da kai muna raye kana raye. Mu nan gida sai godiya. Ruwa ya zauna, an gama noman fari, gero har ya rufe ƙasa a gonar bayan dutse. Ummi tana nan da ciwon ƙafarta, yau a tsaye gobe a kwance, amma baki kam garau yake, don jiya ma sai da ta yi mini faɗa a kan gishirin miya kamar ba ni ce mai 'ya'ya uku ba. Halimatussa'adiyya 'yata da ka bari tana rarrafe yanzu aji biyu take, kuma Kawun Waya take ce maka, tunda a nan kaɗai ta san fuskarka. Kowa dariya yake yi in ta faɗa, ni kuwa wallahi abin yana sosa mini rai. Shekara shida fa, Mu'azzam.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda da rubutun hannu, alhali kullum muna gaisawa ta waya. Abokinka Musaddiƙ ne ya zo hutu Kazaure, da na ji zai koma sai na ce ga dama ta samu. Maganar da ke bakina ba ta waya ba ce, kuma ka san wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Wata uku ke nan kana tambayata me ya sa Baba ba ya ɗaukar kiranka, ni kuma ina ce maka yana masallaci, ko ya yi barci, ko sabis ne babu. Ƙarya nake yi maka, Allah ya yafe mini. Sau da yawa yana zaune a kan buzunsa wayar take ruri, yana kallon sunanka har ta katse.

Ka tuna lokacin kaka ka ce in sauke manhajar nan ta manoma da kamfaninku ya yi, ka ce da hannunka ka rubuta rabinta, kana so gidanmu ya zama na farko a Roni? Ranar har guɗa Ummi ta yi. Kuma tsakani da Allah ba zan ci amanar aikinka ba, abin yana da amfani. Kai ma ka san yadda noman hatsi yake a nan. Mutum ya sayi taki da tsada, ya biya 'yan ƙwadago, ya sha rana wata huɗu, sai kaka ta yi kowa ya fito da nasa lokaci guda, farashi ya faɗi warwas. Masu sari su kwashe a banza su kulle a sito, in damina ta yi tsakiya manomin da ya noma ya dawo yana sayen tiya a hannunsu da ninkin kuɗi. Bana kuwa, da na buɗe waya na ga yadda ake sayar da riɗi a Babura da yadda ake sayarwa a Kano, sai na ƙi sakin nawa a Gwiwa, na jira mutanen Nijar masu zuwa da sefa, kuma ban yi da-na-sani ba. A wannan kam na sara maka.

Inda aka samu matsala, wurin cike bayanan gida ne. Manhajar ta ce in sa sunan maigida, na sa Malam Muhammad Nur. Ta ce in bar ta ta ga inda nake, na bari. Ta kawo wani dogon Turanci mai ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa, da wurin dannawa a ce an yarda, ni da nake malamar makaranta ma layi biyu na karanta na gaji na danna. Sai ta tambayi hatsin da ke ajiye a gida. To tun da ka tafi ni ce mai miƙa wa Baba dami in ana loda rumbu, saboda haka na san abin da ke ciki. Na rubuta na ci, na rubuta na sayarwa, sannan don son in burge ƙanena a ce gidansu akwai albarka, sai na haɗa har da rumbun tsimi. Kaico! Ni da aka haifa a gidan nan, na san sarai tsimi ba a ƙirga shi a cikin abin da mutum yake da shi. Ko Ummi da ta shekara arba'in da Baba ba ta taɓa tambayarsa dami nawa ne a ciki ba. Ni kuwa na ɗauka allon wayata ni kaɗai ke ganinsa.

Ashe duk mai sayen hatsi da ya yi rajista yana ganin taswira, gida gida, da suna da abin da ke rumbu. Ana nan kuwa, da rani, maƙwabcinmu Malam Mamuda ya zo wajen Baba. Ka san shi, shi ne wanda kura ta taɓa cinye wa jaki muna yara. Tsutsa ta ɓata masa gero bara, sai ya sayar da akuya ya zo yana so Baba ya sayar masa da dami goma a farashin gida. Baba ya ce masa babu na sayarwa, ya ƙare, kuma gaskiya ya faɗa. Bayan sati biyu Malam Mamuda ya je kasuwar Gwiwa, sai Daudu dillali ya nuna masa waya a gaban mutane yana dariya, ya ce ai ga maƙwabcinsa can zaune a kan dami saba'in yana jiran marka ta yi ya yanka talakawa. Kafin la'asar magana ta riga shi isowa gari. A majalisar gindin ɗorawa Malam Mamuda ya ce shekara hamsin yana bin Baba salla, bai san yana bin mai ɓoye abinci yana cewa babu ba.

Ga abin da kai ba ka sani ba, don kana ƙarami ka tafi makarantar kwana, daga can sai jami'a, daga jami'a sai jirgi. Tsimin nan ba na sayarwa ba ne, kuma ba duka namu ba ne. Duk shekara in marka ta kama, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, Baba yakan buɗe shi, mu sussuka a cikin gida, ni da Ummi mu bi ta ƙofar mata da hantsi sa'ad da maza suke gona, mu kai gidajen da muka san hayaƙi ya daina tashi. Matar gida ta karɓa ta ce wa mijinta daga danginta ne. Gida bakwai ne, kuma gidan Malam Mamuda ne na farko, shekara tara a jere, bai sani ba. Dalilin da Baba ya ƙi karɓar kuɗin akuyarsa ke nan, don ya san hatsin zai je masa kyauta. To ka ga inda aka tsaya. In Baba ya buɗe baki ya wanke kansa, ya tona asirin gida bakwai, magidanta bakwai sun sunkuyar da kai har abada. In ya yi shiru, shi ne maƙaryaci mai ɓoye hatsi. Shirun ya zaɓa. Da na matsa masa ina kuka, abin da ya ce kawai shi ne ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Yanzu ba ya zama a gindin ɗorawa. Daga masallaci sai zaure, kuma limancin ma ya ce ƙirjinsa ba ya bari, ya tura wani gaba. Ya rame, Mu'azzam, rigar sallarsa har ta yi masa yawa. Masu sari kuwa ba su bar mu ba, babura sai tsayawa suke yi a ƙofar gida, kowa da wayarsa a hannu kamar mai bin sawun ɓarawo. Daudu ya zo sau uku yana ƙara farashi. Ranar nan na ji Baba yana gaya wa yayarsa Ya Kura wai ko ya sayar kawai kowa ya huta, tunda an riga an ba shi sunan. Ta ce masa in ya sayar ya tabbatar da maganar mutane, kuma yaran gida bakwai ne za su kwana da yunwa ba Daudu ba. Amma ban ga alamar ya ajiye tunanin ba.

Na goge manhajar daga wayata tun ranar, ashe na share ƙofar gida ne kawai, shara tana nan a ɗaki. Na je Kazaure wajen masu gyaran waya, suka ce bayanin ba a wayata yake ba, yana can wajenku. Na nemi wurin dannawa a ce na janye, ban gani ba. Wurin shiga ƙofa ce wangame, wurin fita ko taga babu. Wannan wane irin gini ne, ɗan'uwana? Na tambayi Musaddiƙ yadda kamfani yake cin riba tunda kyauta muke amfani da ita, sai ya sosa ƙeya ya ce masu sayen hatsi ne suke biya don su ga bayanan. Na ce to, dama banza ba ta kai zomo kasuwa. Ashe mu ne kayan da aka kasa. Ni ban ce kun yi da mugunta ba, na san zuciyarka. Amma manomi ba shi da wani makami a gaban ɗan sari sai rashin sanin abin da ke rumbunsa. Kun nuna mana farashinsu, madalla, amma kun nuna musu cikinmu, su kuwa ba wanda ya ga cikin sitonsu. In za ku gyara, ku tambayi mutum da Hausa, a gajarce, wa yake so ya gani, kuma ku bar masa ikon ya rufe abinsa ran da ya ga dama. Kakanninmu da suka gina rumbu ba su manta da murfi ba.

Laifina ya fi naka, na sani, kuma na durƙusa na roƙi Baba gafara ya ce ya yafe. Kai kuwa bai taɓa cewa ka yi laifi ba, ko sau ɗaya. Abin da ya gaya wa Ummi shi ne, ba fushi yake yi ba, tsoro yake ji kada ya ɗauki waya ya faɗi abin da ke ransa, ya zama ita ma maganar wani yana can yana gani. Ya ce kuma yaron da ya san hatsi a rubuce bai san shi a kafaɗa ba, ba a yi masa bayani daga nesa.

Don haka abu biyu nake roƙonka. Na farko, ka cire sunan gidanmu daga taswirar nan tun kafin ka gama ninke takardar nan, duk da na san magana zarar bunu ce. Na biyu shi ne babba. Marka saura wata ɗaya da 'yan kwanaki. A gidan nan ba mai shiga rumbun tsimi sai maigida ko ɗansa namiji, kuma kai kaɗai ne. Bara da Baba ya shiga, sai da ya daɗe a ciki yana haki kafin ya iya fitowa, ni ina ƙasa ina salati. Bana ban ga ƙarfin ba, ban ga zuciyar ba. In ba wanda ya shiga, Daudu ne zai zo da 'yan dakonsa su kwashe. Ka nemi hutu ko na sati biyu ne, ka zo. Ka zo ka shiga ka miƙo mana, ka ga inda yake zuwa da idonka. Ba na ce zuwanka zai rufe bakin gari ba, amma zai sa tsohon nan ya ci tuwo ya ƙoshi. Ni ma ina kewarka, ba na ɓoyewa. Wani lokaci ina cikin aji sai in ji jirgi ya wuce sama, in tsaya da alli a hannu har yara su fara dariya.

Ummi tana gaishe ka, ta ce a gaya maka ta ajiye maka kuka da daddawa tun bara, in ka ƙara jinkiri za ta ba almajirai. Ya Kura tana sa maka albarka, ta ce ka zo da ƙafarka ba da hotonka ba. Maigidana Yakubu da yara duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da duk wanda yake kyautata maka a can. Shi kuwa Baba, na gaya masa ina rubuta maka takarda, na tambaye shi ko yana da saƙo, ya yi kamar bai ji ba. Sai da na kai bakin zaure ya kira ni, bai ɗago kai ba, ya ce in shaida maka ya sa kafinta ya ƙara wa tsanin rumbun ƙarfi, don ya ji an ce ka yi ƙiba.

Wassalam. Taka har kullum,

Yayarka,
Zulaikha Muhammad Nur.