Bargunan Aurenka Suna Kan Siminti

Mokhotlong,
Juma'a, 9 ga Mayu.

Zuwa ga yayana, Abuti Seabata,

Ina gaishe ka da gaisuwar girmamawa, tare da roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya ba ka ƙarfin aikin gonar tuffa, ya tsare ka a ƙasar mutane. Mu nan da sauƙi. Mahaifiyarmu, 'Me, tana lafiya, sai ciwon gwiwar da ke tasar mata duk shigowar sanyi. Na kira wayarka sau huɗu tun Laraba, a kashe. Ntate Phoka direba ya ce ta faɗa maka cikin ruwa, shi ya sa na rubuta. Zai tashi yau da rana, ya ce zai iso Ceres gobe da yamma. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Ranar Lahadi na je Maseru na duba mahaifinmu, Ntate, a asibiti. Wurin da aka yanke ƙafar ya warke sosai, sugan ma ya sauka, kuma za a sallame shi ranar Alhamis, 15 ga wata. Amma Ntate ya rame, Abuti. Na kai masa kunun dawa mai tsami irin wanda yake so, ya kurɓa sau uku ya ture. Ƙanwarsa, Rakhali Mosele, ta riga ta gyara masa ɗaki a gidanta na can birni. Ta ce ba za ta bari a mayar da ɗan'uwanta kan dutse ba, a gidan da keken guragu ba zai iya shiga ba, sai ta ga hoton keken yana tafiya daga ƙofar shinge har bakin ɗaki. Ba na ganin laifinta. Da ta fita, Ntate ya kama hannuna ya ce mu kai shi gida ko a baro ne, ya ce idan aka ajiye shi a Maseru tsakanin bango huɗu, ba tumaki ba dutse, to mu fara neman katakon akwatin gawarsa. Ya faɗa yana murmushi, amma ka san shi, ba ya wasa da irin wannan magana.

Ka san simintin da Ntate ya zuba daga ƙofar shinge zuwa ɗaki. Na auna shi: tsawo mita goma sha huɗu, faɗi mita ɗaya da santimita ashirin. Ƙasansa lafiya lau, samansa ne ya mutu. Ruwa yana shiga cikinsa, ya daskare, ya kumbura, ya ɓantare fuskar. Gishirin tumakin da 'Me take watsawa duk shekara don ƙanƙara ta narke shi ya ƙara cinye shi. Ban gaya mata haka ba, don saboda kada mu zame take yi. Na ari keken guragun maƙwabciyarmu na gwada, ƙananan tayoyin gaba suka maƙale a wuri tara.

Karon farko mun yi aikin a watan jiya, ranar 12. Ƙanin Ntate, Rangoane Makhetha, ya kira gayya, mutane suka zo da yawa, aka dafa tuwon masara da naman tunkiya. Na haɗa kwaɓin yadda aka koya mana a makaranta, da ɗan tauri. Rangoane ya soka shebur ya ce wannan ai tuwo ne, shi kuma ya zo zuba siminti ne, sai ya juye bokiti biyu na ruwa a ciki. Daga baya matan suka durƙusa suna shafa fuskar da jiƙaƙƙen hannu, kamar yadda suke yi wa daɓen ɗaki, har ya riƙa ƙyalli. Kowa yana yabawa. Na san ruwan nan yana kashe ƙarfin siminti, na san ya kamata a rufe shi, amma na tsaya riƙe da littafina ban buɗe baki ba, don ba na so a ce yarinyar jiya tana gyara wa manya. Kwana biyu bayan nan sanyi ya sauka digiri huɗu ƙasa da sifili. Da na ƙwanƙwasa da guduma, sai ya yi ƙara kamar ƙwarya, ya riƙa tashi ɓawo-ɓawo. Rangoane ya zo ya duba, ya kira ni Injiniya a gaban mutane, ya ce da na manna takardar shaidata a ƙofa, da sanyi ya karanta ya wuce gidan gaba. Aka yi dariya. Laifin nawa ne, amma ba ta inda yake nufi ba.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina fasa wancan da guduma. Na share, na wanke da burushin ƙarfe har tsakuwar tsohon ta fito. Siminti buhu shida ya rage, kuma ko da akwai ƙari, babu damar karo na uku, don daga tsakiyar wannan wata sanyin ba ya ɗagawa. Ranar Laraba muka sake zubawa, ni da 'Me da maƙwabciyarmu 'Me Malineo, ba gayya. Mun fara ƙarfe goma, da rana ta hau. 'Me ta ɗumama ruwan kwaɓi a babbar tukunya. Na shafa ruwan siminti mai kauri a kan tsohon don sabon ya kama, na zuba kaurin santimita huɗu, na ja tsintsiya a kai don kada taya ta yi santsi. Da 'Me Malineo ta tsoma hannu a ruwa za ta shafa, na riƙe mata wuyan hannu. Ta kalle ni ta ce to, yau kuma kurma ta yi magana.

Abuti, ga abin da ya sa na rubuto. Ɗanyen siminti ba ya son ya sauka ƙasa da digiri biyar, kuma a irin wannan sanyi yana bukatar kwana bakwai a lulluɓe. Shi da kansa yana fitar da ɗumi, abin da ake bukata kawai a tsare ɗumin. Na shimfiɗa leda, na zuba busasshiyar ciyawa, amma kafin ƙarfe huɗu iska ta kwashe rabinta, ma'aunin zafi yana nuna bakwai yana sauka. Bargunan gidan guda biyar ne, rabi kawai za su rufe. Sai na ɗauko makulli daga inda ka ɓoye shi, na buɗe adakarka, na kwashe barguna goman nan da ka shekara uku kana tarawa don dangin Mookho, wadda za ka aura. Kowanne ya haura mita ɗaya da rabi, suka rufe hanyar har da ragi. Na sa leda a ƙasa, leda a sama, na danne da duwatsu. 'Me ta ce in gaya maka ita ta buɗe, wai ba za ka iya yi mata faɗa ba. Ba ita ba ce. Ni ce, kuma tana hana ni lokacin da nake yi.

Akwai abin da ya fi wannan. Ledar ƙasa ta yage a wuri ɗaya, bargon nan mai ruwan toka da ja, wanda ka ce na mahaifin Mookho ne, ya sha siminti a kusurwa, faɗin tafin hannuna. Na wanke nan take, amma gashin wurin ya ƙandare. Ba zai koma yadda yake ba. Sauran taran na duba su jiya da yau, ba abin da ya same su sai ƙanshin ciyawa.

Jiya Rangoane ya biyo zai hau dutse ya sauko da tumaki, ya gani. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce kayan da za a lulluɓa wa surukai a Disamba na shimfiɗa a ƙasa inda kare ke bi, ya ce idan labari ya kai gidan su Mookho, da wane ido za mu zauna da su. Ya ce tunda ba ka nan, Ntate kuma yana kwance, shi ne mai tsaron kayanka, kuma ranar Lahadi da ya sauko zai kwashe su da hannunsa ya mayar cikin adaka. Na ce masa Lahadi kwana huɗu ne kawai, ana bukatar bakwai. Ya ce in ƙirga wa sanyi, shi ba ɗalibina ba ne. Ban ce ba shi da gaskiya a kan surukan ba. Na yi tunanin wannan sosai, har abinci ba ya shiga.

Yau da safe, ƙarfe shida, waje yana digiri uku ƙasa da sifili, ruwan kwanon kaji ya zama dutse. Na zura ma'aunin ƙarƙashin bargo a wuri uku: tara, tara, takwas. Na danna farce a gefe, bai shiga ba. Yana kamawa, Abuti. Amma rediyo ta ce daga Lahadi zai kai shida ƙasa da sifili. Idan aka yaye shi ranar, ban ce lallai zai lalace ba, don ban sani ba. Abin da na sani shi ne na farkon a huɗu ya mutu, kuma idan wannan ya ɓare, babu hoton da zan aika wa Rakhali.

Ba na roƙon ka ce ka ba ni izini tun farko, don ba ka ba ni ba. Ba na roƙon ka yafe yanzu. Ka ari wayar Ntate Phoka da zarar ya miƙa maka wannan, ka kira Rangoane ranar Lahadi da sassafe, kafin ya iso gidanmu, ka ce masa kayanka ne, ka ji, a bar su zuwa Laraba. Maganarka kaɗai zai ji. Bayan nan ka kira ni ka faɗa mini duk abin da ke ranka, zan tsaya in saurara. Idan kana so, ni zan je wurin Mookho in gaya mata da bakina.

'Me tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka. 'Me Malineo ma tana gaisuwa. Ka gaida Ntate Phoka, ka ba shi shayi, ka gaida Abuti Tumo da kuke ɗaki ɗaya. Ntate bai san komai game da bargunan ba. Abin da ya sani kawai, na ce masa ranar Alhamis zai shiga gidansa da kekensa, ba a baro ba, kuma Rakhali ta ce tun ranar yake cinye abincinsa.

Ƙanwarka mai jiran kiranka,
Moliehi