Kabarin Amma da Filin Motoci

Hatton, watan Yuni

Yaya Pungodi,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da jikoki, kuma gwiwar nan ta yi sauƙi. Mu nan sai godiya.

Albishirinki. Tsohuwar masana'antar da muke kai ganyen shayi awo, kamfani ya mai da ita gidan tarihi, kuma ɗana Kadirvel ya samu gadin ƙofa, har da riga mai maɓallan ƙarfe. Kin ce kina son ganin inda muka binne mahaifiyarmu Amma, tunda ta rasu bayan jirgin ruwa ya kwashe ku zuwa Indiya. Ki zo lokacin bikin Dipavali. Tana nan bayan masana'antar, cikin itatuwan shayin da ta yi rayuwarta tana tsinka. Duk Juma'a ina kunna mata fitila.

Ƙanwarki,
Valliyamma

Hatton, watan Satumba

Yaya Pungodi,

Bayan gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Kada ki zo.

Motocin baƙi sun yi yawa, sun rasa wurin tsayawa. Na je da fitilata na tarar an tumɓuke itatuwan, an baje ƙasar, an malala kwalta. Su Amma da Baba da jaririnki da kika binne a nan, duk suna ƙasa. Manaja ya ce ai ba dutse, ba suna, ina za su san da mutane a wurin?

Na nufi ciki in yi magana, Kadirvel ya tare ni a ƙofa, wai sai da tikiti. Na saya, Yaya. Na ga injinan Turawa an goge su suna ƙyalli. Na ga hotunanmu da kwanduna, duk ta baya aka ɗauka, ba fuska ko ɗaya. Can kuma cikin gilashi ga dutsen kabarin karen wani Bature, da sunansa da shekarar mutuwarsa. Shi kaɗai suka ɗauke kafin su zuba kwalta.

Da yamma na tambayi Kadirvel ko ya sani tun farko. Ya ce shi ya riƙe musu igiyar awo. "Uwa, matattu ba sa jin yunwa," in ji shi, ya tura mini kwanon shinkafar da albashinsa ya saya.

Kada ki tambaye ni ko na ci. Na ci.

Ki gaida kowa.

Taki,
Valliyamma