Ranar da Appa Ya Ajiye Mabuɗin Coci

Zuwa ga ƙanena Jebastin, a Maskat,

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, da fatan kai da matarka Arulmoli da jaririyarku kuna cikin ƙoshin lafiya. Ubangiji ya tsare ku, ya sa albarka a aikinka. Mu nan Tirunelbeli lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har ta koma niƙa ƙullun wainar idli a dutse, tana cewa na inji ba ya tashi.

Na rubuto ne don kada ka tsinci labarin mahaifinmu a bakin magulmata. Appa ya ajiye aikinsa na katikis, mai koyar da addini a coci, bayan shekara talatin da ɗaya, kuma ban taɓa alfahari da shi kamar yanzu ba.

Sabon limaminmu, Fada Irudayam, matashi ne mai kirki, ya yi shekara biyu a wani gidan kaɗaici na Kiristoci a bakin kogi. Daga can ya zo mana da addu'ar shiru. Kafin sujada sai a ture bencuna, a shimfiɗa tabarmi, a kunna fitilar tagulla, kowa ya harɗe ƙafa ya rufe ido, yana maimaita sunan Yesu a zuci tare da numfashi har tunani ya ɗauke. Ba zan ɓoye maka ba, ni na ji daɗin abin. Mai 'ya'ya huɗu da ajin yara hamsin ba ta raina shirun minti ashirin.

A taron dattawa Fada ya ce tunda Appa ɗan limamin haikalin Hindu ne, cikin wannan zama ya tashi, to shi ya fi dacewa ya koya wa jama'a. A ganinsa karramawa ce ya yi masa. Ni na kai musu shayi, don haka komai a kunnena. Appa ya ce tun yana ɗan shekara bakwai kakanmu ke zungurin bayansa da sanda don ya miƙe, kuma ya san inda hanyar take ɓullewa: mutum ya yi ta share kansa har ya ji shi da Allah abu ɗaya ne. Ya ce shi ya bar gidan ubansa, aka hana shi ko ganin gawar uwarsa, don ya sami Uban da zai yi wa magana ya saurare shi. Fada ya amsa a natse cewa waliyyan Kirista ma sun yi addu'ar shiru tun zamanin da. Appa ya ce to a kawo nasu shirun, amma wannan zaman da wannan numfashin ya san masu su.

Sai Susai mai shagon taki ya yi dariya, wai tsoho dai gwiwa ce ta ƙi lanƙwasuwa, shi ne ya fake da Littafi. Jebastin, da ka gani! Appa ya zauna a ƙasa, ya ɗora kowace ƙafa kan cinya, bayansa tsaye kyam, yana da shekara saba'in da huɗu. Ya ce wa Susai bismillah, ya gwada in tumbinsa zai bar shi. Ya ce iyawa ce ta sa ya ƙi. Da Fada ya ce ba zai yiwu katikis ya ja gabas limami ya ja yamma ba, Appa ya kwance mabuɗin coci daga ƙugunsa ya ajiye a tebur, ya gaishe su da ladabi ya fita.

Ran Lahadi da aka kunna fitila, ya tashi ya koma baranda, ya durƙusa kan siminti yana karanta Addu'ar Ubangiji a hankali. Mutanen da ya koya wa katikisma, ya binne iyayensu, babu ko ɗaya da ya motsa. Ina kan tabarmata ido rufe, muryarsa kaɗai nake ji. Har yau ban tabbata Fada ya yi kuskure ba. Amma na naɗe tabarmata a gaban kowa, na je na durƙusa kusa da ubana.

Mama da mijina Sahayaraj da yara duk suna gaishe ku. Ka miƙa gaisuwata ga Arulmoli da kawunta Lurdusami. In ka kira Appa, kada ka kuskura ka yi masa jaje.

Yayarka,
Ponmani