Bangon Gabas

Matameye, ƙarshen bazara

Zuwa ga jikana Marwan, a Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Kakarka Ladi tana gaida mijinta da ya gudu ya bar ta. Ni ban yi lakwal ba, wato boko, Malam Inusa na bakin kasuwa ke rubutawa, kuma na hana shi sassauta ko kalma ɗaya.

Shekara nawa ke nan ka ɗaure ni da magana, ka yi tafiyarka? Ka zo da na'urarka ta ɗaukar sauti, ka yini a zauren da kakana ya gina, kana manna ta a bango kamar likita a ƙirjin majinyaci. Mutanen da suka gan ka suka ce jikan Isufu ya taɓu, ni na kore su. Da ka sa mini abin nan a kunne, na ji abin da ban taɓa ji ba a gidan da aka haife ni. Iska tana busa a tsagar bangon gabas kamar sarewa, tsattsewa suna tsegumi a ramukansu, har gara na ji tana cin azara.

Ka ce saura muryar damina. Ka roƙe ni kada in yaɓe bangon gabas sai ka dawo, don yaɓe zai toshe tsagar, ya rufe gidajen tsuntsayen. Na ba ka hannu, na ce na yarda.

Ko ka zama ɗan birni, ai ka san ta gabas ruwa ke dukanmu. Kowace bazara ina yaɓe bango uku, in bar na huɗu tsirara. Ni da na yi wa rabin unguwar nan yaɓe, yau bangona ake nunawa da baki.

An ce ka kunna muryar zauren a wani babban ɗaki, mutane suka saurara suka tafa maka. Madalla. Shi zauren ba wanda ya tambayi lafiyarsa.

Baffanka Cha'ibu ya dawo daga cin rani a Kano, yana so a rushe zauren a sa bulo da kwano. Na ce masa ban zama a ɗakin da in ruwa ya sauka ko sallamar baƙo ba a ji. Ya ce bangon zai kashe mutum. Wannan kam da gaskiyarsa. Tsagar da ka sani tana ɗaukar yatsa, yanzu hannuna na shiga har gwiwa. Sarewar ma ta koma gurnani.

Na kwaɓa ƙasa, tana nan tana jira, amma ban taɓa bangon ba. Na maida tabarmata gindinsa, in ga wanda zai ɗaga diga a kaina. Ladi ta yi kuka, ban tashi ba. Hadari kuma ya fara leƙowa.

Salularka ba ta shiga. To, ka zo da na'urarka kafin ruwan fari, ko ka aiko ka ce ka sake ni. Ba zan karya maganata ba don kai ka manta da taka. Direban da zai miƙa maka wannan takarda, a hannunsa nake jiran amsa. Ka amsa mini, Marwan, tun da sauran rufi a kaina.

Allah ya yi maka albarka duk da haka.

Kakanka,
Isufu magini