Takwararki Ta Shiga Matarnel

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Na rubuto ne in ba ki labarin takwararki Ummi, wadda aka haifa mana bayan rasuwarki.

Gwamnati ta buɗe makarantar ƙananan yara a unguwarmu, wadda ake kira matarnel. Kin san a da sai 'ya'yan manyan kamfanin auduga da na masu ofis ke zuwa irinta. Mu kai tsaye aka jefa mu lekol, wato firamare, malami na zuba Faransanci muna kallon bakinsa. Na tuna kina cewa, "Yaron da bai iya ɗaura wandonsa ba, me zai ɗauko a boko?" A nan kam mun saɓa, Inna. Na daɗe ina rubutawa a jarida cewa ɗan talaka ma ya cancanci ya fara da wuri.

Aji ɗaya ne, malama ɗaya, yara har bakin ƙofa: ga na unguwa, ga na iyalan da rikici ya koro daga wajen Mora. Ummi ta samu gurbi, masu jira kuma suna nan. Duk yaron da aka ga ba ya zuwa, sai a ba wani gurbinsa.

Ana haka shugabar makarantar ta aiko kirana. Ta ce 'yata ba ta taɓa zuwa ba tun da aka buɗe, za a ba wani wurin. Na ce ni da kaina nake sauke ta a babur kowace safiya. Muka shiga ajin tare. Ga Ummi can baya tana cin ƙosanta. Malamar, 'yar kudu ce, ta riƙe baki ta ce ta ɗauka ƙanwar wani ce take biyo shi. Sai ta kira sunan da ke takardar haihuwa. Ummi ko ɗago kai ba ta yi ba.

To ina za ta san shi? Sunanki ne. Ba a taɓa furta shi a gidanmu ba. Uwarta ba ta faɗin sunan surukarta, ni kuma ba na faɗin na uwata. Ke ma haka kika yi da ni, ɗan fari: har kika koma ga Allah "wancan" nake a bakinki, ko "mai jarida" in kina cikin raha.

Na yi wa malamar bayani. Ta ce ta gane, amma baɗi wata malama ce, gaba kuma jarrabawa, duk da wannan sunan za a neme ta. "Baban Ummi, kai za ka koya mata." Ban ga laifinta ba. Da yaran ba su fi ƙarfinta ba, da tun ranar farko ta lura.

Da na faɗa wa uwarta a gida, dariya ta yi. "Ni da bakina? Kai da kake kiran sunayen ministoci ba gargada, ka ji da shi."

Na zaunar da Ummi a tabarma, na durƙusa gabanta. Bakina ya yi nauyi, amma na faɗi sunan. Ta ce, "Baba, wace ce?" Na ce mata, "Ke ce, kuma uwata ce." Ta maimaita shi har ya zauna mata.

Ba a ba kowa gurbinta ba. Ki yafe mini in na yi rashin kunya, Innata. Yanzu kowace safiya ana kiran sunanki a Garuwa, kuma ana amsawa.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya raya takwararki a kan halinki, Ya buɗa wa yaran da ke jira a waje. Amin.

Ɗanki,
Aminu