Baffansa ya kira gayya, ni kuwa shayin gona nake tsoro

Assalamu alaikum Hajiya Batula. Don Allah ki agaza mini da shawara kafin Asabar ta sama. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci. Na fi son in rubuta da hannuna, don wanga zance ba na kunnen kowa ba ne.

Ina da ɗa, bari in ce masa Bashar. Tun rasuwar ubansa shi ke riƙe da gonarmu a Jabo. In ana gayya shi makaɗa ke fara yi wa kirari, ni kuma ina gida ina jin daɗi. Ashe ƙwayar tiramol suke narkawa cikin shayi, samari su sha su yi ta noma ba gajiya. Daga ranar gayya abin ya koma kullum. Ya rame, ya zama mafaɗaci. Bara da faɗuwar damina aka kama shi da ita a Tambuwal.

Na ɗauka shi ke nan. Amma Allah ya haɗa mu da alƙali mai tausayi. Da ya tabbatar sha yake yi ba sayarwa ba, sai ya ce a kai shi asibiti a Sakkwato a yi masa magani, in kuwa ya sake, gidan yari ne. Kullum sai na sa bawan Allahn nan a addu'a, da wata ma'aikaciyar jinya, Malama Saudatu, wadda ta zaunar da ni ta fahimtar da ni cewa ciwo ne, ba jifa ba. Yanzu ya dawo, kumatunsa sun ciko, shi ke tashina sallar asuba. Duk wata yana komawa a duba shi. Alhamdu lillahi.

Ga inda na rasa yadda zan yi. Lokacin da yake tsare, baffansa Shaihu na Fakku ya turo 'ya'yansa bisa babur suka nome mana gona, ba mu roƙa ba. Da hatsin nan muka ci shekara. Yanzu ya kira gayyar maimai a gonarsa ranar Asabar ta sama, ya aiko da goro, ya ce lallai Bashar ya zo mutane su ga ya warke. Alheri yake nufi. To amma na san makaɗa za su zo, shayin nan ma zai zo. Jiya ma na ga yaron yana wasa hauyarsa. In na hana shi, da wane ido zan dubi mutumin da ya rufa mana asiri? In na bar shi, aka buga masa kirarinsa, ƙarfin da ya saba bai zo ba fa?

Uwa mai godiya, Jabo

Wa alaikumus salam Inna. Rubutunki ya fita sarai, kuma Allah ya saka wa alƙalin nan da Malama Saudatu.

Tsoronki yana kan hanya. Wanda ya bar ƙwaya, inda ya saba shanta ne ya fi masa haɗari, balle ga kiɗa ga abokai. Amma baffansa ma yana da gaskiya. Yaron da aka killace a ɗaki kamar marar lafiya har abada, zaman kaɗaicin kan iya mayar da shi ruwa.

Ki fara da Bashar. Shi zai shiga gonar, ba ke ba. Ki tambaye shi ko yana son zuwa ne, ko gorin raggo yake gudu. Sannan ku kira Malama Saudatu tare, ta san inda ƙarfinsa ya kai. In ta ce da saura, a bi maganarta.

Bayan haka ki je Fakku da ƙafarki kafin ranar, kada ki aika. Ki gaya wa baffansa zancen shayin da sharaɗin alƙali, ba ɓoye-ɓoye. Mai yiwuwa bai san abin da ke zagaya gonarsa ba, kuma mai gona ne ke da ikon hanawa. Mutumin da ya nome miki gona ba ki roƙa ba, ba zai so ɗan ɗan'uwansa ya koma kurkuku saboda maimai ba.

In an yarda ya je, ya yi aiki gefen baffansa cikin manya, ya tafi da furarsa daga gida, a roƙi makaɗa su bar sunansa bana, kuma ya dawo a ranar. In ba a yarda ba, ya je wata rana su yi aikin da 'yan'uwansa kaɗai. Gero bai san wanda ya riga wani kai ƙarshen gona ba.

In kuma, Allah ya kiyaye, ya yi tuntuɓe, kada kunya ta sa ki rufe. Ku koma asibiti a ranar.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba ku damina mai albarka, ya sanyaya miki zuciya.

Hajiya Batula