Tsuntsayen da Aka Kwashe da Shara

Yaya Talatu,

Shekara tara ke nan rabona da gida. Ina gaishe ki. Yaya yara da maigidan, yaya ƙafar Inna?

Tsohuwar nan 'yar Ingila da nake jinya a nan garin Takoma Park ta rasu, wadda take sa ni in tambaye ki sunayen tsuntsayenmu. Duk rayuwarta littattafan tsuntsaye take rubutawa, tana zana su da hannunta. A tsakanin tsofaffin jaridu take adana hotunan saboda danshi. Ɗan ƙanenta ya zo daga Ingila, ya kawo masu kwashe kaya ranar da nake hutu. Suka ga jaridu, suka zubar. Ban ce mugu ne ba, bai sani ba. Amma ba wanda ya tambayi mai ba ta abinci a baki. Da na yi magana, cewa ya yi, "Ai da ka faɗa."

Aikin ya ƙare, na gaji, Yaya. Ki ce wa Inna ta sa ni a addu'a. A gaida Kawu.

Abin da na tsamo a bola cikin ruwan sama: hoto goma sha ɗaya, uku sun jiƙe.

Ƙanenki,
Bulus